Tikitin Kyauta Zuwa Las Vegas

Assalamu alaikum, Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 29 daga Birnin Kebbi. Na yi karatun kwamfuta, kuma shekara biyu ke nan ina yi wa wani kamfanin ƙasar waje aiki daga gida, ina kula musu da manhajar karɓar kuɗi ta kati. Sai da na yi wata bakwai kafin na gane cewa mafi yawan masu amfani da manhajar masu shafukan batsa ne. Ban taɓa sa hannu a hoto ko bidiyo ba, lambobi da lissafi kawai nake gani. Yanzu maigidana ya ce zai biya mini tikiti da otal in raka su babban taron masu wannan sana'a a Las Vegas a watan Janairu, in tsaya a rumfarmu da rana, da dare kuma in bi su liyafa, wai a can ake sanin manya. Niyyata in je in san mutanen banki da na fasaha, ko na samu hanyar komawa aiki mai tsabta. Matata ta san za ni Amurka taron kwamfuta, mahaifiyata har ta fara sa albarka, kuma ni ke ɗauke da gidanmu. In je in kame kaina, ko in ƙi in yi asarar damar?

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma tun da ka yi mini tambaya kai tsaye ba zan yi maka kwana-kwana ba: shawarata ita ce kada ka je. Ba zan tsawaita wa'azi ba, domin wanda ya ce wa matarsa taron kwamfuta za shi, alhali ya san sunan taron na ainihi, ya riga ya yanke wa tafiyar hukunci a zuciyarsa tun kafin ya rubuto mini. Abin da nake ganin kana bukata shi ne a duba lissafin da ka yi, wato cewa za ka shiga ta wannan ƙofa don ka samu ƙofar fita, kuma a ganina a nan ne kuskuren yake.

Bari mu fara da taron kansa. Wanda aka fi sani a Las Vegas a watan Janairu shi ne baje kolin da kamfanin mujallar AVN ke shiryawa tare da bikin ba da kyaututtuka ga masu fina-finan batsa, kuma akwai makamancinsa a Berlin ta ƙasar Jamus mai suna Venus, wanda ake yi a lokacin kaka. Shekaru da dama ana yin na Las Vegas a mako ɗaya da CES, babban baje kolin kayan lantarki da fasaha, sai daga 2012 aka raba musu lokaci. Na kawo wannan ne don ka san cewa fakewa da taron kwamfuta tsohuwar dabara ce da mazajen wasu ƙasashe suka daɗe suna yi wa matansu, kuma ba na so ɗan Kabi ya shiga layinsu.

Zan yi maka adalci a kan abu ɗaya, domin maigidanka bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. Irin waɗannan taruka suna da ɓangaren kasuwanci na gaske, inda ake zama a ɗakuna ana sauraron lauyoyi da masu kamfanonin karɓar kuɗi da masu ba da hayar rumbun ajiyar bayanai, mutane cikin kwat da takalmi sawu-ciki, suna magana a kan haraji da dokoki. Bukatarsu ga irinka ma ta gaske ce, kuma tana ƙaruwa, saboda dokokin tantance shekarun mai shiga shafi sun matsa musu: jihar Louisiana ta fara aiki da tata a farkon 2023, wasu jihohin Amurka suka biyo baya, Ingila kuma ta tilasta tantancewar daga watan Yulin 2025. Duk wanda ya iya haɗa manhajar biyan kuɗi da ta tantance mutum, to ana nemansa ruwa a jallo. Wannan ne ya sa aka ga ya dace a kashe maka kuɗin jirgi, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Amma rumfarku ba a ɗakin lauyoyi za ta kasance ita kaɗai ba, kuma ko da a can take, kai da bakinka ka ce an shaida maka cewa da dare ake sanin manya. Wannan gaskiya ne a kowane baje koli na duniya, na shinkafa ne ko na motoci. Da rana mutum yana tsaye yana maimaita jimla ɗaya ga baƙi ɗari, ana musayar katin suna da lambar waya ana murmushin dole, sai rana ta faɗi sannan a zauna da wanda ake son ƙulla ciniki da shi, a ci abinci, a sake jiki, a gwada hali. A taron da za a kai ka, wannan zaman na dare a mashaya ake yin sa, ko a gidan rawa, ko a ɗakin otal da wani kamfani ya kama don liyafa, cikin garin da tattalin arzikinsa ya ginu a kan caca tun da jihar Nevada ta halatta ta a 1931. Saboda haka kame kan da kake nufi yana da fuska biyu, kuma duka biyun ba su kai ka inda kake so. Idan ka koma ɗakinka bayan isha'i ka kulle ƙofa, ka tsira da mutuncinka amma ka rasa sanin manyan da ka tafi dominsa. Idan ka bi su don ka san manyan, to ka zauna a inda ka ce ba za ka zauna ba, kuma kana zaune ne a matsayin yaron kamfani wanda aka biya wa kujerar.

Na san nauyin wannan zama domin na ɗanɗana ƙaraminsa. Shekarun baya na je baje kolin Guangzhou a ƙasar Sin neman injin casar shinkafa, kuma wani dillali da muka yi kwana uku muna ciniki da shi ya ce dole sai ya karrama ni da dare. Na ɗauka gidan abinci za mu, sai ga mu a wani bene mai ɗakuna, kowane ɗaki da doguwar kujera da makirfo da allon waƙa. Ba mu gama zama ba aka jera kwalabe a tebur, aka turo ƙofa, 'yan mata wajen takwas suka shigo suka tsaya a layi, kowace da lamba maƙale a ƙirjinta, dillalin yana dariya yana nuna mini su da hannu in zaɓa. Ina da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, da furfura a gemuna, kuɗin tikitina daga aljihuna ya fito, kuma ni ne mai saye, shi ne mai neman cinikina. Duk da haka sai da na yi kusan minti biyar ina juya kofin lemo a hannuna, ina neman kalmar da zan tashi da ita ba tare da na ɓata cinikin kwana uku ba. Na tashi daga ƙarshe, na ce kaina ke ciwo, wanda ƙarya ce, kuma har yau ina jin kunyar cewa ƙarya ce ta fitar da ni. To ka auna kanka da wannan: shekararka 29, karonka na farko ke nan a ƙasar, maigidanka na gefenka, kuma tikitin komawarka a imel ɗinsa yake. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu mu zo ga zuciyar lissafinka, wato mutanen banki da na fasaha da kake fatan su fitar da kai. Ka fi ni sanin cewa a harkar kati akwai rukunin 'yan kasuwa da ake kira masu babban haɗari, kuma shafukan batsa suna cikinsu tare da na caca, saboda yawan masu ƙaryata cewa sun yi sayayya su nemi a maido musu kuɗinsu, da kuma tsoron shari'a. Shi ya sa ake cajinsu kuɗi mai yawa, kuma manyan bankuna da dama ba sa son taɓa su. A watan Disambar 2020 Visa da Mastercard sun dakatar da amfani da katinsu a babban shafin batsa na Pornhub bayan wani rahoton jaridar New York Times a kan bidiyon yara da na waɗanda aka ɗauka ba da yardarsu ba. A watan Agustan 2021 shafin OnlyFans, inda ake biyan kuɗi a kalli hotuna da bidiyon mutane, ya sanar cewa zai hana batsa saboda matsin bankuna, sannan ya janye maganar cikin mako guda. Abin da wannan ke nuna maka shi ne, mutanen kuɗin da ke zuwa wannan taro su ne waɗanda suka ƙware a kan ɗaukar cinikin da sauran suka guje wa. Idan ka burge su, aikin da za su yi maka tayi irin wanda kake yi ne yanzu, wataƙila da albashi mafi tsoka, kuma albashi mai tsoka igiya ce mai kauri ga wanda ke ciyar da gida. Za ka dawo da katin suna talatin a aljihu, kuma duk talatin ɗin hanyarsu cikin gidan take komawa.

Akwai kuma abin da matasa ba su cika lura da shi ba, wato sawun da mutum ke bari. A baje kolin zamani ana rataya maka bajo a wuya mai sunanka da na kamfaninka, yawanci da 'yar alamar da ake haskawa da waya a rumfuna, sunanka da imel ɗinka su shiga jerin masu tallar kamfanoni. Masu ɗaukar hoto suna yawo a zaure da wurin liyafa, kuma ana zuba hotunan a intanet domin tallar taron baɗi. Ba ka da iko a kan wanda ya tsaya a bayanka lokacin da aka ɗauka. Hoto ɗaya ya isa ya zaga WhatsApp daga Badariya zuwa Nasarawa kafin jirginka ya sauka Abuja, kuma babu wanda zai tsaya ya saurari bayanin cewa kai lambobi kawai kake gani. Ko ba a gida ba, bankin Najeriya ko kamfanin fasahar kuɗi da za ka nemi aiki wurinsa gobe zai rubuta sunanka a Google kafin ya kira ka.

Batun biza ma yana da nasa tarkon. Takardar neman bizar Amurka tana tambayar dalilin tafiya da wanda zai biya kuɗin, kuma tun 2019 tana neman sunayen da mutum ke amfani da su a shafukan sada zumunta na shekara biyar baya. Idan ka faɗi gaskiya, sunan taron ya shiga kundinsu tare da naka. Idan ka ce CES za ka don kunya, kuma aka gano, dokar shige da ficen Amurka tana hana wanda ya yi ƙarya a kan muhimmin abu biza har abada, sai dai in an yi masa afuwa ta musamman. Matashin da ke da basira irin taka zai bukaci wannan ƙofa wata rana don tafiya mai daraja.

Zan taɓa aikin kansa, ko da yake a kan tafiyar ka tambaye ni, domin tafiyar reshe ce. Ka ce ba ka taɓa hoto ko bidiyo ba, kuma na yarda da kai, amma mai karɓar kuɗin ƙofa yana cikin ma'aikatan gida, kuma aya ta biyu ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakon juna a kan zunubi ba ta ware masu aikin lissafi ba. Ni ba malami ba ne, saboda haka hukuncin albashin da ka riga ka ci, musamman na wata bakwai da ba ka sani ba, da abin da za ka yi da wanda ka tara, ka kai shi gaban malamin da ka amince da iliminsa da riƙon sirrinsa, ka faɗa masa komai ba tare da ado ba. Ta fuskar doka kuwa, kana zaune a jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma dokar laifukan intanet ta tarayya ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani a kan duk abin da ya shafi batsar yara. Kai ba ka san abin da ke kan kowane shafi da kuɗinsa ke bi ta hannunka ba, kuma abin da ya faru a 2020 ya nuna cewa manyan shafukan ma ba su da tsabta daga wannan. Ban faɗi haka don in raina mutanen da ke cikin sana'ar ba. Da yawansu talauci ne ko yaudara ta kai su, kuma ba hurumina ba ne in san ƙarshen kowa. Naka ƙarshen nake dubawa.

Ban ce ka ajiye aikin gobe da safe ka bar mahaifiyarka ba magani ba. Ka sa wa kanka wa'adi, wata uku ko huɗu, ka rubuta ranar a takarda, ka rage kashe kuɗi daga yau kamar albashin ya riga ya tsaya, kuma ka fara neman mafita da irin ƙwazon da ka yi niyyar kaiwa Las Vegas. Abin da ke hannunka yana da kasuwa a ko'ina: ka san yadda ake haɗa manhaja da kati, ka san yadda ake gane zamba da daƙile ƙaryar maido da kuɗi, kuma ka koya a fagen da ya fi kowane tsanani. Kamfanonin fasahar kuɗi irin su Moniepoint da Paystack da Flutterwave da Interswitch a kan wannan ilimi suka tsaya. A takardar neman aikinka ka rubuta gaskiyar abin da ka iya, idan aka tambaye ka su wane ne abokan cinikin tsohon kamfaninka ka faɗa a jimla ɗaya, ka ƙara da cewa shi ya sa ka bari.

Idan kuwa sanin mutane kake so, akwai tarukan da za ka je da sunanka a fili. Ana yin baje kolin fasaha na GITEX a Dubai tun 1981, an buɗe reshensa na Afirka a Marrakesh ta Maroko a 2023, kuma a 2025 an kawo shi Najeriya, Abuja da Legas. Akwai baje kolin Kaduna da na Legas da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke shiryawa duk shekara. Kuɗin motar Abuja daga Birnin Kebbi da kwana biyu a gidan ɗan'uwa ba su fi ƙarfinka ba. A can ma za a yi liyafar dare, wani lokaci har da giya, amma dabarar da na koya bayan Guangzhou tana aiki: tun kafin taro da mako biyu ka duba jerin masu zuwa, ka zaɓi mutum biyar ko shida, ka rubuta wa kowane gajeren saƙo kana neman minti goma sha biyar da safe a kan shayi. Da safe mutum yana cikin hankalinsa, kuma yana tuna wanda ya zo masa da tambaya mai ma'ana a kan matsalar da ke damun kamfaninsa. Idan ya ba ka kati, ka juya bayansa ka rubuta abin da kuka tattauna tun kafin ka bar wurin, ka aika masa saƙo cikin kwana biyu. Idan aka gayyace ka mashaya, ka ce ba ka sha, amma za ka so ku karya kumallo tare. Sau da yawa na faɗi haka, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwan kirki ya fasa ciniki saboda shi ba.

Kada kuma ka raina abin da ke bakin ƙofarka. Jiharmu tana da kamfanonin casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, tana da kasuwar albasa a Aliero, da hatsi a Jega, da cinikin kan iyaka a Kamba, kuma miliyoyin kuɗi suna yawo tsakanin manomi da dillali da mai mota, da yawa a rubuce cikin littafin makaranta ko a kan amana kawai. Duk wanda ya ga yadda aka sha wuya lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa mai iya sauƙaƙa wa waɗannan mutane biya da karɓa yana da abin yi. Ba zai ba ka dala a watan farko ba, wannan kam gaskiya ne, amma zama ɗaya da sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyar masu albasa zai koya maka abin da ake bukata, kuma za ka iya gaya wa mahaifiyarka inda ka wuni.

Sauran magana ta gida ce, kuma ita ce mafi wuya. Matarka ta cancanci gaskiya kafin Janairu, daga bakinka, cikin natsuwa, bayan yara sun yi barci. Ka gaya mata irin kamfanin, da lokacin da ka gane, da tayin da aka yi maka, da cewa ka ƙi, da ranar da ka sa wa kanka ta bari. Za ta iya yin fushi, kuma tana da hakki, amma ita ce za ta riƙe tukunya a watannin da kuɗi zai ja baya, kuma ba za ta iya taya ka tsimi a kan abin da ba ta sani ba. Hajiya kuwa ba sai ka ɗora mata bayanin da zai hana ta barci ba. Ka ce mata ka binciki tafiyar ka ga akwai abin da bai dace da addini ba a cikinta, ka fasa, kana neman wani aikin, ta ci gaba da addu'a.

Shi kuma maigidanka ka rubuta masa a wannan makon, tun bai sayi tikitin ba, domin ƙin karɓa ya fi sauƙi kafin a kashe kuɗi. Kada ka ƙirƙiri ciwon kai irin nawa, kada ka ce biza ce ta ƙi, domin zai sake gwadawa a taro na gaba. Ka gode masa da ya ga ka cancanta, ka ce saboda addininka da iyalinka ba za ka halarci wannan taro ko makamancinsa ba, ka ce kana shirye ka rubuta wa waɗanda za su tsaya a rumfar duk bayanin fasahar da za su bukata. Kafin ka aika, ka duba kwantiraginka ka ga wa'adin sanarwar barin aiki, ka kuma cire abin da kake bi daga asusun da suke biyanka ta ciki, saboda ba kowane maigida ne ke karɓar "a'a" da fara'a ba. Idan ya amsa, ka rubuto mini abin da ya ce.